Jawabin Yaye Ɗaliban Koyon Jadawalin Lissafi na Kwamfuta a Rano



Duk wanda ya lura cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ya san cewa Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi na Bagadaza ya ba wa rabon gado da wasiyya babban kaso a littafinsa na aljabara, ba zai ɗauki abin da 'ya'yanmu suka koya a matsayin baƙon ilmi ba, ko da yake kayan aikin daga Amurka ya zo, inda aka fitar da manhajar VisiCalc a 1979, ta Excel kuma a 1985.

Sun koyi cewa shafin jadawalin gidaje ne a jere, kowane da sunansa na harafi da lamba. Cewa adadi da gidansa, ƙa'idar lissafi da nata. Cewa idan an buɗe ƙa'ida da alamar daidai aka ce ta tara buhunan shinkafa, to da zarar an gyara adadi ɗaya, jimla za ta gyara kanta ba tare da an goge komai ba. Manomin da ya kai nisabi na sa'i 300 yana iya ganin zakkarsa nan take: ushiri ga abin da damina ta shayar, rabin ushiri ga abin da ya sha ta injin ban-ruwa. Uwar adashe ma, wadda ta daɗe tana riƙe zubi da kwasa a ka, ta sami mataimaki.

Sai dai, ya ku ɗalibai, kwamfuta ba ta tuhumar abin da aka ba ta. In an shigar da ƙarya, za ta tara ta daidai. Amanar tana wuyanku.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, su damƙa wa waɗannan matasa littattafan lissafinsu tun daga wannan kaka. Allah ya yi musu albarka.