Kada ka matsar da bango da ido

Yau hirar tamu ta masu koyon zanen gini ce a AutoCAD, manhajar da kamfanin Autodesk ya fitar tun 1982. Magana ɗaya zan yi: yadda ake matsar da abu a cikin zane.

Za ka ce ai wannan mai sauƙi ne, a kama da linzami a ja. To, a nan matsalar take. Idan ka ja bango da ido, a allo zai yi maka daidai, amma wataƙila ya goce da milimita 40. Magini kuwa abin da ke takarda zai bi. Sai an zuba kankare a ga ginshiƙi bai hau kan layinsa ba, a fasa, kuɗin siminti da rodi su tafi a banza.

Ga yadda nake so ka saba. Ka rubuta M, ka zaɓi abin. Manhajar za ta tambaye ka wurin kamawa. Kar ka danna ko'ina. Ka kunna F3 domin linzamin ya riƙa manne wa a kusurwa ko tsakiyar layi, ka kama kusurwar bangon. Sannan F8, don tafiyar ta miƙe sak. Ka nuna ɓangaren da kake so, ka rubuta nisan da lamba. Lamba fa, ba ƙiyasi ba.

Sai zaɓe, inda da yawa ke ruɗewa. In ka ja akwati daga hagu zuwa dama, shuɗi ne, abin da ya shiga ciki gaba ɗaya kawai zai ɗauka. Daga dama zuwa hagu kore ne, duk abin da ya taɓa ya kwashe.

Misali, mai gida ya ce ɗakin mita 3 ya yi masa kaɗan, a mai da shi 3.6. In ka yi amfani da M, bangon zai tafi ya bar na gefe biyu a baya, ga giɓi. Abin da ya dace shi ne S, umarnin miƙarwa. Ka ja koren akwati ya rufe bangon da ƙarshen na gefensa, ka rubuta 600 idan da milimita kake zane. Bangon ya matsa, na gefe su biyo shi, kaurin bulo 225 yana nan yadda yake.

Amma kafin nan, duba leyoyinka. Abin da ke leyar da ka kashe ko ka kulle ba zai motsa ba. Sai bango ya tafi, soket da bututun ruwa suna tsohon wuri, kai ba ka gani ba. A Revit da sauƙi kaɗan, domin ƙofa da taga a jikin bango suke zaune, in ya matsa su bi shi. AutoCAD kuwa layuka kawai ya sani, bai san wannan bango ba ne.

Saboda haka duk lokacin da ka matsar da abu, ka rubuta DI ka sake aunawa kafin ka tura wa injiniya.

Aikin gida: zana ɗaki 3000 da 3000, ka faɗaɗa shi da S, ka auna. Ku gaya mini abin da kuka samu. Sai mun haɗu a kashi na gaba.