Abin da Ke Faruwa a Cikin Ƙwai Kafin Ɗan Tsako Ya Fito

Yau cikin akurki za mu leƙa.

Mutane da dama suna ɗauka gwaiduwa ce ke rikiɗewa ta zama ɗan tsako. A'a, ita abincinsa ce kawai. In kun fasa ƙwai a faranti, ku duba saman gwaiduwar da kyau, za ku ga wani ɗan farin ɗigo. To, daga nan komai ke farawa. Idan zakara ya taka kaza, haɗuwar tana faruwa ne tun a cikin jikinta, kafin ma ɓawo ya samu. Ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, kafin ta saka ƙwan sun kai dubbai.

Da zarar ƙwan ya huce, sai girman ya tsaya cak, har ranar da kaza ta fara kwanci. Shi ya sa za ta yi kwana 10 tana saka ƙwai, amma 'yan tsakin su fito kusan lokaci guda.

Zafin da ake buƙata kusan digiri 37.5 ne a ma'aunin Salshiyas. Da ya samu, sai ƙwayoyin su jeru hawa uku. Na sama shi zai ba da fata, gashi da ƙwaƙwalwa, na tsakiya ƙashi, tsoka da jini, na ƙasa kuma hanta da shimfiɗar cikin hanji. Wajen ƙarshen kwana na 2 zuciya ta fara bugawa. Ni dai nan ne abin ke ba ni mamaki: ba baki, ba fiffike, ba ƙafa, amma ga zuciya tana aiki! Dole ce ta sa, domin jini ne zai riƙa ɗauko abinci daga gwaiduwa.

Kuna iya gani da idonku. A kwana na 5 zuwa na 7, ku shiga ɗaki mai duhu ku haska ƙwan da tocila. Mai rai zai nuna jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo. Wanda kuka gani fayau bayan mako guda, baragurbi zai zama, ku cire shi tun bai yi wari ba.

Juya ƙwan da kaza ke yi da bakinta kuwa, don kada ɗan ya manne a jikin ɓawo ne.

Na kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28. Masu haɗa su ƙarƙashin kaza ɗaya, ku sa na zabon kamar mako guda kafin nata, in ba haka ba za ta tashi da 'ya'yanta ta bar muku su a gurbi.