Kafin ka ƙara wa tsohuwar laftof RAM: rubutaccen shirinmu na wannan makon

Daga nan Gwammaja nake magana kamar kullum, ba nisa da Gidan Mumbayya. Yau maganar tsohuwar laftof za mu yi, irin wadda yawancinmu muke riƙe da ita: tokunbo, HP ko Dell ko Lenovo, wadda ta gama aikin ofis a Turai ko Amurka kafin ta iso hannunmu. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: "Malam, laftof ɗina ta yi nauyi, mai gyara ya ce a ƙara mata RAM, in ƙara?" Amsata a taƙaice, kada ka fitar da ko sisi sai ka tabbatar RAM ɗin ce matsalar, kuma ka san irin wadda kwamfutarka take ɗauka. Wannan duk za ka iya dubawa da kanka a gida, kyauta.

Na fara da maganar kuɗi ne saboda kayan sun yi tsada. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya tashi a duniya, domin manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Kamfanoni uku ne suke yin mafi yawanta, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka. Shi Micron ma a watan Disamba na 2025 ya sanar zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu suna Crucial. To ɗalibin da ya tara kuɗinsa da ƙyar, ko mai shagon buga takardu da wannan kwamfutar yake cin abinci, ba shi da kuɗin gwaji.

Akwai wani ruɗani da nake so mu kawar tukuna. A bakinmu idan an ce memori, katin waya ake nufi, inda hotuna da finafinai suke. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce ya goge finafinai ashirin amma RAM ɗinsa ba ta ƙaru ba. Ai ba za ta ƙaru ba. Ka ɗauki shagon tela ana saura mako ɗaya Sallah. Kabad ɗin da ya jibge yadukan mutane shi ne ma'ajiya, had-disk ko SSD. Teburin da yake yanka a kai shi ne RAM. Idan teburin ƙarami ne, duk aikin da zai taɓa sai ya naɗe na farko ya mayar kabad, ya ɗauko wani. Haka Windows take yi: idan RAM ta cika, sai ta riƙa tura aiki cikin ma'ajiya tana dawowa da shi, wannan kai-kawon shi ne nauyin da kake ji.

To yaya za ka gane? Ka kunna kwamfutar, ka buɗe abubuwan da ka saba aiki da su, Chrome da shafukanka, Word, CorelDraw, duk dai yadda ka saba. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito. Ka shiga inda aka rubuta Performance. Abu biyu za ka zuba wa ido, Memory da Disk.

Idan Memory ta kai kashi 85 ko 90 cikin ɗari ta zauna a can, to lallai teburinka ya yi kaɗan, ƙarin RAM zai yi maka amfani. Amma idan Memory tana wajen rabi, shi kuma Disk ya maƙale a kashi 100, ɗan'uwa ko giga 16 ka zuba mata ba za ka ga wani canji ba. Tsohon had-disk mai juyawa ne yake riƙe ka, SSD kake buƙata. Ni a ganina, duk laftof ɗin da take da giga 4 da had-disk mai juyawa, kuma kuɗin abu ɗaya kake da shi, SSD za ka fara saya. Bambancinsa ya fi fitowa fili, tun daga lokacin kunnawa.

Sai abu na uku da mu mutanen Kano bai kamata mu manta ba, ƙura. Idan fankar ciki ta toshe, furosesa tana yin zafi, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Idan kana jin fanka na ihu, iskar da ke fitowa kuma 'yar kaɗan ce, a buɗe a busa mata iska tukuna.

Mu ce ka duba, RAM ɗin ce. Tambaya ta gaba, kwamfutar tana karɓar ƙari? A wannan shafin na Memory, a ƙasa, za ka ga an rubuta gurbi nawa ake amfani da shi, misali 1 cikin 2. Wato akwai gurbi ɗaya a buɗe. Sai dai wani lokacin lissafin ba ya zama daidai, gani da ido ya fi. Wasu kwamfutocin kuma an liƙe RAM ɗinsu a jikin bod da dalma, ba a cirewa ba a ƙarawa: MacBook Air, MacBook Pro mai fuskar Retina tun daga 2012, da ƙananan nan HP Stream. Wasu rabi da rabi ne, kamar ThinkPad T440, giga 4 a liƙe da gurbi ɗaya. Ka kuma leƙa ka ga Windows ɗinka mai bit 32 ce ko 64. Mai 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce giga 4, hasali ma uku da 'yan kai take gani. Wannan sai an sake ɗora mai 64.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta, a saurara da kyau. RAM iri-iri ce, kuma ba sa shiga gurbin juna. Akwai DDR2 ta zamanin da, akwai DDR3, DDR4, da DDR5 ta sababbi. Ta laftof gajera ce, ba irin doguwar nan ta kwamfutar tebur ba. DDR3 tana da haƙora 204, DDR4 tana da 260, kuma 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya take ba. Wannan ma rahama ce, domin idan ba irinta ba ce ba za ta shiga ba, kada ka tura da ƙarfi.

Tarkon yana cikin gidan DDR3 ne. Akwai DDR3 mai cin wuta bolt 1.5, akwai DDR3L mai bolt 1.35. Kamarsu ɗaya, tsagarsu ɗaya, kowacce za ta zauna daram a gurbin 'yar'uwarta. Amma laftof masu furosesa Intel ƙarni na huɗu da na biyar mai L suke so. Ka sa musu marar L, ko dai fuska ta tsaya baƙa, ko ta kama tana ɗaukewa. Ita kuwa mai L yawanci tana aiki a tsofaffin ma. Don haka idan kana shakka, ɗauki mai L.

Ka karanta takardar da ke manne a jikin RAM ɗin. PC3 na nufin DDR3, PC3L na nufin mai L, PC4 na nufin DDR4. Lambar da ke biye gudu ce: PC3-12800 ita ce mai gudun 1600, PC3-10600 mai 1333. Bari in kawo misali da kwamfutocin da suka cika kasuwarmu. HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430 ƙarni na uku ne, DDR3, suna kaiwa giga 16. EliteBook 840 G1 da G2 sai PC3L. Ita kuwa 840 G3, duk da sunan kusan ɗaya ne, DDR4 take ɗauka. Kun ga idan ka aiki yaro kasuwa ka ce "ta 840" kawai, me zai kawo maka? Ƙarnin kuma a lambar furosesa ake gane shi: i5-3320M na uku ne, i5-4300U na huɗu, lambar farko bayan ɗan layin.

Masu tsofaffi sosai, Core i3 ko i5 na ƙarnin farko na wajen 2010, waɗanda lambarsu uku ce kawai kamar i5-520M, ku akwai ƙarin sharaɗi. Iyakarku giga 8, kuma idan mai giga 4 za ku saya, ku nemi wadda aka rubuta wa 2Rx8, mai ƙwayoyi takwas-takwas a kowane gefe. Mai 1Rx8 sau da yawa ba sa ganinta, sai a ɗauka ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Nawa za a ƙara? Ga ɗalibi mai rubutu da bincike da Zoom, ko mai shagon cike fom ɗin JAMB, giga 8 ta wadatar. Mai CorelDraw da Photoshop ko haɗa bidiyo, shi ne zai ji daɗin 16. Kuma 4 da 4 a gurbi biyu sun ɗan fi 8 guda ɗaya sauri, saboda hanya biyu suke bi a lokaci guda. Idan ka haɗa mai gudu da marar gudu za su yi aiki, amma a takun marar gudun. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Maganar kasuwa. Ko Farm Centre za ka ko Beirut Road, ka tafi da laftof ɗin da cajarta, kuɗin a-daidaita-sahu bai kai asarar sayen abin da ba zai yi ba. Yawancin DDR3 da za ka samu cirowa aka yi daga wasu kwamfutocin, kuma ba laifi, RAM ba ta cika lalacewa da tsufa ba. Amma a sa a gabanka, a kunna, ka buɗe Task Manager ka ga adadin ya cika. Ka tambayi farashi shago biyu ko uku. Ku yi magana a fili cewa idan ta ba da matsala cikin kwana kaza za ka dawo da ita. Sannan idan an cire tsohuwar taka, ka karɓi abarka, ko a rage maka kuɗinta. Taka ce, kuma tana da daraja. Da ka koma gida, ka rubuta Windows Memory Diagnostic a wurin nema, ka bar shi ya gwada ta. Idan ya nuna matsala, ko shuɗin allo ya fara fitowa, washegari ka mayar.

Mai son ya sa da kansa, abin ba wuya. Ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba barci ba. Cire caja, cire batir, idan na ciki ne ka zare wayarsa daga bod. Danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. Su 8470p da 840 G1 ko sukundireba ba sa buƙata, sakata ce a ƙasa, ka ja murfin ya fito. A lokacin hunturu a yi hattara: kun san yadda mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji wuta ta ja shi, to wannan 'yar wutar tana iya kashe RAM. Ka taɓa ƙarfen taga ko na ƙofa kafin ka fara, kada ka yi aikin a kan kafet ko bargo, kuma ka riƙe ta a gefe-gefe, ban da taɓa haƙoran. Ka daidaita tsagar, ka tura ta a karkace har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna ƙasa, za ka ji ƙarfunan gefe biyu sun ce ƙas. Kunnawar farko takan ɗan jima da baƙar fuska, ka ba ta minti ɗaya. Idan shiru, kashe ka cire ka sake zaunar da ita, yawanci ba ta shiga sosai ba ne.

Wani ya tambaya ko ƙarin RAM zai sa kwamfutarsa ta karɓi Windows 11, tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. A'a. Giga 4 ma ta cika sharaɗin RAM. Abin da ke hana tsofaffin nan shi ne furosesa, sai Intel ƙarni na takwas zuwa sama, da kuma wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Kwamfutarka ba za ta daina aiki ba, amma wannan ya shiga lissafinka kafin ka zuba kuɗi mai yawa a na'urar 2012.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake mayar da Windows daga tsohon had-disk zuwa SSD ba tare da an rasa fayil ko ɗaya ba. Mai tambaya ya rubuto cikakken sunan kwamfutarsa da lambar furosesa, ba "HP baƙa" kawai ba. A huta lafiya.