Kakin Zuma: Dukiyar Da Muke Zubarwa



Maganata a yau a kan kakin zuma take, wato abin nan da ƙudan zuma ke gina saƙarsa da shi. A ƙauyukanmu, idan mai amya ya ɗebi zuma, sau da yawa yakan matse saƙar, ya watsar da abin da ya rage. Alhali kuwa masana sun ƙiyasta cewa sai ƙudan zuma ya sha kimanin kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin jikinsa ya fitar da kilo 1 na kaki. Ashe abin da muke zubarwa ya fi abin da muke adanawa wuyar samu.

To, ina za a samo shi? Hanya mafi aminci ita ce a je wurin mai amya, a sayi matsattsiyar saƙar daga hannunsa, domin wanda ake tallarsa a kasuwa wani lokaci akan gauraya shi da kakin kyandir, wanda daga ɗanyen man fetur ake fitar da shi. Na ƙwarai yana da ƙamshin zuma, launinsa kuma yakan ja zuwa rawaya.

Tace shi ba wuya. A ɗaure saƙar a cikin ƙyalle mai tsabta, a saka a tukunyar ruwa, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, domin da zafi ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. Zai ratso ƙyallen ya taso saman ruwa. Idan ya kwana ya daskare, sai a ɗaga shi kamar faifai, a kankare dattin da ke ƙasansa. Kada a yi wannan aiki a tukunyar baƙin ƙarfe, don tana dusashe launinsa. Kada kuma a narka shi a kan wuta kai tsaye, domin yana kamawa.

Amfaninsa kuwa yana da yawa. Kashi 1 na kaki da kashi 4 na man kaɗanya, idan aka narka su tare, sun zama man shafawa mai maganin kaushi, da faso, da tsagewar leɓe a lokacin hunturu. Ana yin kyandir da shi, da man goge takalma da kujeru. Dukawa na murza zarensu da shi don ya yi ƙarko, maƙeran tagulla na Binin kuma tun ƙarnuka da dama da shi suke fitar da siffa kafin su zuba narkakken ƙarfe.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan mun koma gida hutu, mu zauna da masu amya, mu nuna musu cewa saƙar nan kuɗi ce. Wanda ya san darajarta ba zai ƙone amyarsa garin ɗibar zuma ba.