Abin da Asibitin Tudun Wada Ya Koyar Game da Lafiyar Gunduma

Tsohon asibitin Tudun Wada, wanda shi ne mazaunin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kafin a koma Shika a shekarar 2005, yana cikin wuraren da aka yi binciken lafiya mai tasiri ƙwarai a Afirka ta Yamma. Abin da wannan lacca take son tabbatarwa shi ne, binciken da aka yi a ɗakunan jinyarsa ya daɗe da nuna cewa sabuban da ke kai majiyyaci ga halaka galibi suna haɗuwa ne tun yana gida, kafin ya iso bakin ƙofar asibiti, don haka gyaran da ake nema yana cikin unguwanni da ƙauyuka.

Babbar hujja a nan ita ce binciken haihuwa na Zariya da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta, inda aka bi diddigin haihuwa 22,774 a jere tsakanin 1976 da 1979, aka kuma buga sakamakon a 1985. An gano cewa mafi yawan matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama su, sannan aka ɗauko su ranga-ranga, kuma haɗarin ya fi tsanani ga 'yan mata masu ƙarancin shekaru da matan da suka yi haihuwa da yawa. Likitoci da ɗakin tiyata iri ɗaya ne suka karɓi mai katin awo da marar kati, amma makomarsu ta sha bamban, abin da ya sa Harrison ya dage kan cewa ilimin 'ya'ya mata yana cikin maganin mutuwar mata wajen haihuwa. A wannan asibitin ne kuma Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta yawansa a ƙasar Zazzau da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Wannan ciwo ne da mafarinsa yake cikin ɗakin mai jego, wurin da unguwarzoma da kakar jariri suka fi likita faɗa a ji.

Sanƙarau ya ba da irin wannan darasi ta wata fuskar. A shekarun 1970 Brian Greenwood da Hilton Whittle sun yi aiki a kansa a Zariya, kuma a 1979 aka buga binciken da Sadiq Wali ya kasance marubucinsa na farko, wanda ya nuna cewa allura guda ta wani nau'in maganin kuloramfenikol mai daɗewa a jiki tana iya warkar da cutar. Muhimmancin wannan shi ne, ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yin allura ɗaya a lokacin annoba, alhali ba zai iya kwantar da ɗaruruwan mutane yana yi musu allura dare da rana ba, kuma an shafe shekaru ana amfani da wannan hanya a ƙasashen Sahel. Duk da haka annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, domin sanin magani bai isa ba idan babu tsarin da zai gano ɓullar cuta da wuri ya kai maganin inda ake bukata.

Wannan tsarin shi ake kira tsarin lafiya na gunduma, wato a ɗauki yanki mai sanannen iyaka da sanannen yawan jama'a, a haɗa ƙananan asibitocinsa da babban asibitin da ake tura marasa lafiya zuwa gare shi a ƙarƙashin jagoranci guda, wanda za a tuhuma idan lafiyar jama'ar yankin ta taɓarɓare. Tunanin ya samo asali daga taron Alma-Ata na 1978, aka fayyace shi a taron Harare na 1987, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora shi a kan ƙananan hukumomi. Sai dai a Najeriya an raba nauyin gida uku, kuma Zariya misali ce a fili: asibitin Shika na gwamnatin tarayya ne, Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan na gwamnatin jiha ne, ƙananan asibitocin mazaɓu kuwa suna ƙarƙashin hukumar kiwon lafiya a matakin farko. Matar da naƙuda ta gagara a Tudun Wada ko Gyallesu tana iya ratsa matakan nan uku a dare ɗaya, ba tare da wani ofishi guda da alhakin tafiyar tata gaba ɗaya ya rataya a wuyansa ba.

Batun kuɗi ya ƙara dagula lamarin, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa, shi ya sa magidanci kan fara da kemis na bakin layi, ya sayi ƙwayoyi na kwana biyu daidai ƙarfinsa, sai abin ya ci tura a nemi abin hawa. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko da aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, Jihar Kaduna ta kafa hukumar lafiya ta karo-karo a 2018, ta kuma ɗauki manufar samar da ingantaccen asibiti ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓunta 255, sannan dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Inshora tana nufin jama'a su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan tun suna lafiya domin a ɗauki nauyin wanda ya kwanta, kuma tana tafiya cikin sauƙi ga ma'aikaci mai albashi, amma tela da mai sayar da kayan miya da ɗan acaɓa, waɗanda su ne akasarin mutanen Tudun Wada, ba su da albashin da za a cira.

A nan ne bincike yake da sauran aiki, kuma wajibi ne a faɗi iyakar wanda aka gada. Binciken asibiti yana ƙirga waɗanda suka iso ne kawai, ba ya ganin wadda ta rasu a gida aka yi mata sutura kafin azahar. Abin da ake bukata yanzu shi ne bincike mai farawa daga yawan jama'ar mazaɓa, wanda zai nuna mata nawa ne suka ɗauki ciki a shekara, nawa suka kammala awo, yara nawa ne ba a taɓa yi musu allurar rigakafi ba, sa'o'i nawa ake ɗauka tsakanin takardar turawa da ganin likita, da kuma gidaje nawa jinya ta jefa cikin bashi. Yaƙi da shan-inna, wanda ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020, ya tabbatar da cewa ana iya bin gida-gida a ƙirga kowane yaro idan hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin, kuma abin takaici ne a bar wannan gogewa ta tafi tare da cuta guda.

Sashen nazarin lafiyar al'umma na jami'ar yana da masana da ɗalibai, yana da cibiyar Yakawada a Ƙaramar Hukumar Giwa inda ake horar da su aikin karkara, masarautar Zazzau kuma tana da masu unguwannin da suka san kowane gida. Kira ga jami'a da Ƙaramar Hukumar Zariya da masarauta shi ne su ɗauki mazaɓar Tudun Wada, su kafa rajistar haihuwa da mutuwa da rigakafi mai ɗorewa, su riƙa karanta sakamakonta a gaban jama'ar mazaɓar da Hausa sau ɗaya a kowace shekara.