Ƙofar Hasken Ido da Tafiyar Shekaru



Da yawa daga cikinmu mun haura shekara 45, kuma har yau mukan tashi daga aiki da la'asar mu kama hanyar gida, dare ya same mu a kan titi. Wannan ne ya sa muka zaɓi yin magana a kan baƙin ɗigon nan da ke tsakiyar ido, wanda shi ne ƙofar da haske ke shiga.

Wannan ƙofa takan tsuke a cikin rana zuwa milimita 2 ko 3, ta buɗe a cikin duhu. Idon matashi ɗan shekara 20 yakan buɗe har kusan milimita 7, amma na dattijo ɗan shekara 70 yakan tsaya wajen milimita 5 ko ƙasa da haka, domin naman da ke buɗe ta ya yi rauni. Idan aka haɗa da dusashewar madubin cikin ido, hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi 1 cikin 3 na matashi ba. Shi ya sa iyayenmu ke tuntuɓe a zaure bayan magariba.

Ban da shekaru, ciwon suga da ya daɗe yakan taɓa jijiyoyin ido, ƙofar ta ƙara tsukewa. Magunguna irin su kodin suna tsuke ta. Maganin tamsulosin da dattawa ke sha saboda wahalar fitsari yakan hana ta buɗewa sosai lokacin aikin yanar ido, don haka wajibi ne a sanar da likita kafin aiki.

Idan kuwa ƙofar ido ɗaya ta fi ɗaya girma farat ɗaya, tare da ciwon kai, ko fatar ido ta sauko, ko ido ya yi ja yana zafi, a garzaya asibiti a ranar.

Roƙonmu shi ne mu rage tuƙin dare, mu sanya fitila a zaure da banɗakin iyayenmu, mu kuma kai su awon ido duk shekara, ko a asibitin kusa ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.