Gwajin Kwamfuta da Gwajin Cikin Aji



Dukanmu mun san yadda ake tura karatu ko hoto ta Bluetooth ko Xender ba tare da sabis ba. Masana sun faɗaɗa wannan dabara: na'ura ta miƙa wa maƙwabciyarta saƙo, ita ma ta miƙa gaba har ya isa inda aka nufa, babu turken sadarwa a tsakani. Ga makarantun ƙauyukanmu da sabis ke wa wuya, wannan abin kwaɗayi ne, kuma ba mamaki wata rana a zo mana da tayinsa.

Tara na'urori ɗari a fili don gwaji yana da tsada, shi ya sa ake kwaikwayon su a kwamfuta da manhajoji irin su ns-3 da OMNeT++. Sai dai a 2002 masu bincike a Lausanne ta ƙasar Suwizalan sun ba manhajoji uku, OPNET da ns-2 da GloMoSim, aiki iri ɗaya, sai sakamakonsu ya saɓa ƙwarai, domin kowacce da yadda take ƙiyasta tafiyar saƙo a iska.

A 2007 an raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutocin XO, waɗanda aka ƙera don su haɗu da juna ta wannan hanya. Daga baya masu shirin suka gano cewa idan kwamfutocin suka yi yawa a wuri guda hanyar tana cunkushewa, har suka cire tsarin daga samfurin da ya biyo baya. Mu kuwa mun san yadda azuzuwanmu suke cika.

Saboda haka duk wanda ya ce mana an gwada, mu tambaye shi: da wace manhaja? Na'urori nawa? An lissafa katangar ƙasa, da tazarar da ke tsakanin unguwanni, da mutuwar batir inda babu wuta? Sannan mu nemi a maimaita gwajin a ajinmu, a gaban masana daga Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, kafin a kashe kuɗin ilimin yaranmu. Ba a cinikin biri a sama.

Allah Ya yi mana jagora.